Daga Omdurman zuwa Alƙahira: layin biza da katin neman mafaka

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin ƙasa ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti, 'yan'uwanmu na Kano da Sakkwato da Maraɗi suke maimaita mana tambaya guda, wato me ya hana mutane ficewa tun da wuri. A zaton mai tambayar, duk wanda harsashi ya koro sai ya tattara iyalinsa ya nufi iyaka mafi kusa, a buɗe masa ƙofa. Zan bayyana matakan da ni da iyalina muka bi har muka shiga Masar muka yi rajistar neman mafaka, domin mai karatu ya ga cewa bayan an tsira daga harbi akwai wata tantancewar da ke jiran mutum, wadda ba ta duba girman haɗarin da ya baro, sai dai takardar da ke hannunsa da shekarunsa da ranar da ya iso.

Mu Hausawan Sudan ne. Kakannin mahaifina suna cikin jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru a garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nilu, kusa da Sennar. A Omdurman aka haife ni, a can nake koyar da lissafi a wata makarantar sakandare, kuma fasfon Sudan nake riƙe da shi. Saboda haka lokacin da gwamnatin Nijeriya ta yi hayar motocin safa a ƙarshen Afrilu don kwashe ɗalibanta da sauran 'yan ƙasarta, mun yi musu fatan sauka lafiya ne kawai, domin kwasar ba ta shafe mu ba.

Rashin lafiyar mahaifiyata ne ya zaɓa mana ƙasar da za mu nufa. Ana yi mata wankin ƙoda a kai a kai, ga shi cibiyoyin wankin a Khartum da Omdurman suna rufewa ɗaya bayan ɗaya saboda yankewar wuta da ruwa da ƙarewar kayan aiki. Chadi ta yi mana nisa, kuma sai an ratsa Darfur kafin a kai ta. Sudan ta Kudu da Habasha ba su da tabbacin irin jinyar da muke nema. Masar kuwa tana da asibitoci, sannan akwai yarjejeniyar 2004 tsakaninta da Sudan wadda ta yi wa 'yan ƙasashen biyu alkawarin 'yanci huɗu: na zirga-zirga, da zama, da aiki, da mallakar dukiya. A aikace, abin da Masar take yi a lokacin shi ne barin mata da yara 'yan ƙasa da shekara 16 da maza masu shekara 50 zuwa sama su shiga ba tare da biza ba, sauran maza kuma sai sun nemo ta.

Matakin farko shi ne haɗa takardu, kuma tun a nan aka fara zubar da mutane. Mu mun yi sa'a muna da fasfo mai sauran wa'adi saboda Umrar da muka yi kafin yaƙi, haka nan muna da katin rigakafin cutar shawara da ake nema a iyaka. Amma ofisoshin fasfo na Khartum sun daina aiki tun kwanakin farko, kuma ba a dawo da buga sabon fasfo ba sai wajen ƙarshen watan Agusta a Port Sudan. Wasu kuma fasfonsu ya maƙale a ofisoshin jakadancin ƙasashen waje da aka kulle aka kwashe ma'aikatansu. A cikin danginmu na karkara, manoman Jazira da Gadarif da yankin Nilu mai shuɗi, mafi yawa ba su taɓa mallakar fasfo ba, wasu ko lambar zama ɗan ƙasa ba su da ita, domin sanannen abu ne a tsakaninmu cewa Bahaushe ko Bafulatani idan ya je neman takardar ƙasa yakan sha tambaya kan asalin kakansa fiye da wanda ke gabansa a layi. Irin waɗannan mutane hanyar Masar ta hukuma a rufe take gare su tun kafin su taka ƙafa waje.

Mun tashi bayan ƙaramar Sallah daga tashar Kandahar da ke yammacin Omdurman. Kuɗin kujera ya ninka sau da yawa, bankuna a rufe, sai ta manhajar Bankak ake biya idan an sami sabis, wanda kuma yake son tsabar kuɗi sai ya tura wa ɗan kasuwa ya karɓi abin da bai kai wanda ya tura ba. Akwai mashiga biyu zuwa Masar: Argin a yammacin Nilu, da Ashkit a gabas, wadda take fuskantar Ƙustul ta ɓangaren Masar. Yawancin motoci Argin suke nufa, amma mu Wadi Halfa muka zaɓa saboda a nan ƙaramin ofishin jakadancin Masar yake, ɗayan kuma yana can Port Sudan. Tafiya ce ta kimanin kilomita 900 ta hanyar Dongola, a kan titin da hamada ta rufe dama da hagu, da shingayen bincike inda ake sauke maza a duba hannayensu da kafaɗunsu da wayoyinsu.

A Wadi Halfa ne dokar shekarun ta raba gidanmu biyu. Mahaifiyata da matata da 'ya'yanmu mata da ƙaramin ɗanmu suna iya wucewa a washegari. Ni da babban ɗana, wanda ya cika shekara 17, ba mu da hanya sai biza. Jiran kuwa ba zai yiwu ga mai ciwon ƙoda ba, domin ƙafafunta sun riga sun fara kumbura. Na ce mata, "Inna, ku yi gaba, in Allah ya yarda ba za mu daɗe ba." Kasancewata ɗan fari ba ta kiran sunana, sai ta dubi matata ta ce, "Ki gaya wa wannan ya kula da yaron nan, kada ya bar shi yana yawo cikin rana." Haka muka ɗora su a mota, mace guda tana riƙe da tsohuwa marar lafiya da yara, za ta shiga ƙasar da ba ta taɓa zuwa ba. A harabar tashar a ranar, kusan kowace mota haka take tashi: mata da yara da tsofaffi a ciki, maza a tsaye a ƙasa suna ɗaga hannu.

Neman bizar kansa a takarda ba shi da wuya. Ana cike fom, a haɗa da hotuna da kwafin fasfo, a miƙa fasfon, sai a jira ranar da suna zai fito. Wuyar tana wajen isa tagar da ake miƙawa, saboda masu nema dubbai ne, abin da ofishin yake iya karɓa a yini kuma kaɗan ne. Don haka masu jira suka kafa nasu tsarin. Wasu matasa 'yan sa kai suka ɗauki littattafan makaranta suna rubuta sunaye bi da bi, suna ba kowa lamba, an ware layin marasa lafiya masu takardar likita, da na ɗalibai, da na direbobin manyan motoci, da na sauran jama'a. Ana kiran lambobi bayan sallar asuba, wanda aka kira bai amsa ba sai a tsallake shi. Na ga wani dattijo ma'aikacin banki, wanda ya rage masa watanni ya cika hamsin, ya rubuta lambarsa da biro a tafin hannu, kullum gumi ya goge ta ya sake rubutawa, yana ta lissafin ko bizar ce za ta riga zuwa ko ranar haihuwarsa.

Bayan an karɓi fasfo sai jira na biyu ya fara, kuma ya fi na farko nauyi, domin mutum ba shi da takardar da zai koma da ita ko'ina. Wadi Halfa ƙaramin gari ne da bai shirya wa irin wannan taro ba. Masauki ya ƙare, haya ta yi tashin gwauron zabi, mutane suna kwana a masallatai da azuzuwan makaranta da gefen titi a kan kwali. Zafin rana yana haura digiri 40, kuma akwai kunamu da dare. Ni da ɗana mun sami wuri a barandar wata makaranta, abincinmu dafaffen wake da burodi safe da yamma, sai shayin da matan gari suke sayarwa a bakin layi. Mutanen garin sun yi abin a yaba: suna ajiye randunan ruwa a ƙofar gida, suna aiko da tiren abinci makarantu. Ba abin mamaki ba ne a wurinsu, domin tsohon garinsu yana ƙarƙashin tafkin da madatsar ruwan Aswan ta haifar, kuma a 1964 aka kwashe akasarin iyayensu zuwa Sabuwar Halfa a gabashin ƙasar, waɗanda suka ƙi tashi su ne suka sake gina wannan.

Inda duk layi ya yi tsawo dillalai ba sa rasa abin yi. Sukan zo da yamma su zauna kusa da mutum, su tambayi lafiyar iyali, sannan su ce suna da hanyar da fasfo zai fito cikin mako guda idan an ba da ɗaruruwan daloli. Wasu sun biya sun samu, wasu sun biya dillalin ya ɓace da kuɗin, wasu kuma an buga musu hatimin jabu aka gano a iyaka aka dawo da su. Malamin makarantar da albashinsa ya tsaya tun Afrilu ba shi da abin shiga wannan cacar, sai muka ci gaba da zuwa duba takardar sunaye da ake liƙawa.

Muna cikin haka dokar ta sake tsananta. Tun a watan Mayu aka daina karɓar takardar tafiya ta gaggawa da fasfon da aka tsawaita wa'adinsa da hatimi, waɗanda da su ne dubban marasa fasfo suka wuce a makonnin farko. Sannan daga ranar 10 ga Yunin 2023 Masar ta wajabta biza a kan kowane ɗan Sudan, mace ko namiji, jariri ko tsoho. Ma'aikatar harkokin wajenta ta ce fiye da mutum 200,000 sun riga sun shigo, kuma manufar matakin ita ce tsara shigowa da daƙile masu buga bizar jabu, ba hana kowa ba. Ƙanwata ta iso Halfa da 'ya'yanta bayan wannan rana da 'yan kwanaki, ta sayar da awarwaronta na zinariya ta biya kuɗin mota, ta tarar da ƙofar da Inna ta bi a watan jiya ta rufe. Biyu daga cikin yaran ba su da fasfon kansu. Ta ce min, "Malam, ni ba zan iya kwana a titi da 'yan mata ba," ta juya zuwa Wad Madani wurin dangin mijinta. A watan Disambar wannan shekarar RSF ta kama Wad Madani, suka sake gudu zuwa Gadarif.

Ba na musun cewa kowace ƙasa tana da haƙƙin sanin wanda yake shigo mata, kuma Masar a lokacin tana fama da tsadar rayuwa da faɗuwar darajar kuɗinta. Amma biza abu ne da aka tsara don matafiyi mai lokaci da zaɓi, wanda zai iya komawa gida ya jira. Idan aka ɗora ta a kan mai gudun yaƙi, sakamakon shi ne mai fasfo da kuɗin haya ya wuce, talaka ya tsaya, alhali harsashin bai bambanta su ba. A cikin wannan watan na Yuni ne aka kashe gwamnan Darfur ta Yamma, Khamis Abakar, dubun dubatar mutanen El Geneina suka kwarara zuwa garin Adre na Chadi a ƙafa, kuma Chadi, duk da talaucinta, ba ta tambaye su fasfo ba. Masar ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969, wadda ta fito fili ta haɗa da waɗanda rikici ya koro daga ƙasarsu.

Tsanantawar ba ta rage masu tafiya ba, hanya kawai ta sauya musu. Mutane suka koma bin masu fasa-ƙwauri ta yankunan haƙar zinariya, a bayan motocin a-kori-kura da ake cika su maƙil, a ɗaure fasinja da igiya don kada ya faɗo, ana gudu cikin dare ba fitila har a kai wajen Aswan. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. A lokacin tsananin zafin Yunin 2024 an kai gawarwakin 'yan Sudan da dama asibitocin Aswan, waɗanda ƙishirwa da rana suka kashe a wannan hanya.

Sunayenmu sun fito bayan jiran da ya kai watanni. Daga Halfa zuwa Ashkit tafiya ce gajera, amma ƙetarewar takan cinye yini guda ko fiye: hatimin fita a ɓangaren Sudan, a sauke kaya duka a bincika, a sake lodawa, a matsa 'yan mitoci a sake saukewa a Ƙustul, inda ake duba katin rigakafi a karɓi fasfo a shiga da shi ciki. Ma'aikatan agaji na Red Crescent ta Masar suna raba ruwa da duba marasa lafiya a wurin. Daga nan motar ta hau jirgin fito ta haye tafkin Nasser zuwa Abu Simbel, sai Aswan, sai jirgin ƙasa na dare zuwa tashar Ramsis a Alƙahira. Na tarar da iyalina a ɗaki biyu a unguwar Faisal, Inna ta rame amma tana samun wankinta da kuɗin da dangi suke haɗowa daga Saudiyya.

Shiga ƙasa da biza ba ya ba mutum zama na dindindin. Hanya biyu ce a gaban ɗan Sudan: ko ya riƙa sabunta iƙama, wato izinin zama, a kan fasfonsa yana biyan kuɗi, ko ya yi rajista da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, wadda mutanenmu suke kira Mufawwadiyya. Masar ba ta da sansanonin 'yan gudun hijira, kowa a cikin gari yake haya, kuma bisa wata yarjejeniya ta 1954 hukumar ce a lokacin take rajista da tantance masu neman mafaka a madadin gwamnati. Mun daɗe muna shawara kafin mu zaɓi hanya ta biyu, saboda wanda ya buɗe fayil ba ya shiga da fita yadda ya ga dama, idan yana son komawa gida sai ya rufe shi. Matata ta fi ni jin nauyin abin, tana ganin kamar sa hannu ne a kan cewa mun bar Omdurman ke nan. Kuɗin sabunta iƙamar mutum bakwai ne ya yanke mana gardamar.

Ana fara rajistar da neman rana ta waya. Layin a cike yake kullum, don haka ɗana ya mai da kiran aikinsa na safe har aka ɗauka, aka rubuta sunayenmu, aka turo saƙon ranar ganawa wadda take watanni a gaba. Ofishin yana birnin 6 ga Oktoba, bayan gari, kuma dole kowane mai suna a fayil ya zo da kansa, har Inna a keken guragu. Mun isa kafin gari ya waye muka tarar da layi ya riga ya zagaye katanga. A ciki an karɓi fasfo da takardar aure da ta haihuwar yara, aka ɗauki hoto da zanen yatsu da hoton ƙwayar ido, sannan aka yi mana tambayoyi: unguwar da muka baro, ranar da muka fita, hanyar da muka bi, abin da muke tsoro idan muka koma. Da aka zo kan ƙabila na ce Hausa, ma'aikaciyar ta ɗago kai ta tambaya cikin ladabi ko muna da wata ƙasar ban da Sudan, domin wanda yake da ƙasa ta biyu da za ta kare shi hukuncinsa daban ne. Na ce mata ba mu da ita, kuma kakana ma a Sennar aka binne shi. A ranar aka ba mu katin ruwan ɗorawa na mai neman mafaka, mai wa'adin wata 18. Shuɗin kati na wanda aka riga aka tabbatar masa da matsayin ɗan gudun hijira ne, wanda kuma ba shi da wata shaidar ko shi wane ne farar takarda ake ba shi.

Katin kaɗai bai isa ba, sai an buga masa iƙama, wadda a lokacin ta wata shida ce, a babban ofishin fasfo da shige da fice da ke Abbasiyya. A nan ma rana ake bayarwa, kuma saboda yawan jama'a ranar takan yi nisa fiye da tsawon iƙamar kanta. Tsakanin karɓar kati da samun iƙama mutum yana cikin wani hali mai wuyar bayani: hukuma ta san da shi, amma idan aka tare shi a hanya ba shi da cikakkiyar shaidar zama. Shigar da yara makarantar gwamnati da sayen layin waya da sunan mutum duk suna neman iƙama mai rai. A watan Agustan 2023 gwamnati ta umarci baƙin da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba su daidaita zamansu da biyan dala 1,000, kuma a Yunin 2024 ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton cewa an mayar da kimanin 'yan Sudan 800 gida tsakanin Janairu da Maris na shekarar ba tare da an ba su damar neman mafaka ba. Tun daga lokacin ɗana ba ya fita ko sayen burodi sai da katinsa da takardar ranar Abbasiyya a cikin leda a aljihun gaba.

A watan Disambar 2024 Masar ta kafa dokarta ta farko kan neman mafaka, mai lamba 164, wadda ta tanadi kwamitin gwamnati da zai karɓi aikin tantancewa, ta kuma ba wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya kwana 45 ya miƙa buƙatarsa. Wanda ya ga tsawon layukan da na bayyana zai fahimci dalilin da ya sa wannan wa'adi yake tayar wa mutane hankali. A ɗaya ɓangaren kuma, bayan sojoji sun ƙwato Wad Madani a Janairun 2025 da Khartum a Maris, jama'a sun fara komawa, har aka sa jiragen ƙasa na kyauta daga Alƙahira zuwa Aswan a watan Yulin 2025 don masu komawa. Ƙanwata ta koma Wad Madani daga Gadarif ta tarar an kwashe komai har ƙofofi da wayoyin lantarki. Mu dai ba za mu motsa da Inna ba sai mun tabbatar da cibiyar wankin ƙoda mai aiki ba yankewa kusa da gida. Abin da muka yanke shi ne babban ɗana, wanda yanzu ya haura shekara 18, ya riga mu zuwa ya duba gidan Omdurman, kuma hakan yana nufin a cire shi daga fayil ɗinmu a rufe nasa, ya sami izinin fita, tare da sanin cewa idan al'amura suka sake lalacewa sai ya koma layin biza daga farko. Ya riga ya nemi ranar ganawa don rufe fayil ɗin.